Yadda za ka gina ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos a kan tebur, ka kuma tuƙa shi

Duk wanda ya taso yana haɗa motar kara ko ta langalanga ya riga ya san rabin wannan aiki. Bambancin kawai shi ne a nan jirgin ƙasa ne, yana tafiya da lantarki a kan dogo na ƙarfe, kuma ana kwaikwayon wani layi ne da ya taɓa wanzuwa, da tashoshinsa da kayan da yake ɗauka. A Ingila da Jamus da Japan dattawa masu furfura ne ke cinye shekaru a kan wannan sha'awa. Ni layin da na zaɓa, wanda kuma zan yi bayani a kansa, shi ne Bauchi Light Railway, ɗan siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru.

Fara sanin layin kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Sunan yana ruɗar mutane, domin dogon bai taɓa shiga garin Bauchi ba. An kira shi haka ne saboda a lokacin Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke lardin Filato. Kuza ce ta jawo shi. Kafin zuwansa 'yan dako ne ke ɗaukar ta a ka, kwana da kwanaki, har zuwa Loko a bakin Binuwai. Da babban dogon Baro ya isa Kano a 1911 ta Zariya, sai Turawa suka ja reshe daga Zariya ya nufi tsaunuka: ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143, wajen kilomita 230, ya ratsa Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre. Faɗin dogon ƙafa 2 da inci 6 ne, wato milimita 762, alhali babban layin ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067. Ke nan taragon wannan ba ya hawa dogon wancan, dole a Zariya a sauke kaya a sake lodi. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan ya ƙwace masa kasuwa, aka ci gaba da lallaɓa shi har aka rufe shi a 1957.

Wannan ɗan tarihin shi zai yanke maka shawarar komai. Abu na farko da ake tsayarwa shi ne wuri ɗaya da shekara ɗaya. Idan ka ce 1925, kuza na gangarowa, kwal da injuna da kananzir na hawa, mota kuwa sai an tona. Idan ka ce 1955, layin ya tsufa, fenti ya koɗe, fasinjan ƙauye da buhunan hatsi sun fi yawa. Wanda bai tsayar da shekara ba shi ne za ka ga ya dasa falwayar lantarki da babur ɗin acaɓa a gefen jirgin kwal.

Gani ya kori ji. A gidan tarihi na Jos akwai kayan wannan layi da aka adana, ka je da tef ɗin awo da waya, ka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, ka tsayar da mutum a jikin taragon don ka san tsayi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House wurare ne na neman tsofaffin taswirori da rahotanni. Idan ka bi hanyar Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, ka tsaya ka gaida tsofaffin gari. Wanda ya kai shekara tamanin yana da wayo lokacin da aka rufe layin, zai iya nuna maka da sandarsa inda tasha take da inda ake shayar da jirgi.

Ma'auni

A nan sa'a ta zo mana. Idan ka rage komai sau 87, milimita 762 za ta koma kusan milimita 9, kuma akwai dogon wasa mai faɗin milimita 9 daidai a kasuwa. Wannan ma'aunin ana kiransa HOe, kamfanoni irin su Roco da Liliput suna yin kayansa. Ɗan'uwansa na Ingila shi ne OO9, raguwa sau 76 a kan dogo iri ɗaya, Peco da Bachmann ke yi. Idan ido ya fara rauni ko yatsu sun yi kauri, akwai On30, raguwa sau 48 a kan dogo mai milimita 16.5, sai dai yana cin wuri kusan ninki biyu a tsawo. Ni na tsaya a kan 87. A wannan lissafi mutum mai tsayin mita 1.7 bai cika santimita 2 ba, ƙofar mita 2 milimita 23 ce, kukar da ta kai mita 15 kuwa santimita 17. Ka rubuta waɗannan a takarda ka liƙa a bango, za ka riƙa dubawa kullum.

Kar ka yi mafarkin gina layin duka. Kilomita 230 in an raba sau 87 ta haura kilomita biyu da rabi, ko filin idi ba zai ɗauka ba. Tasha ɗaya ake ɗauka da ɗan abin da ke gefenta. Shawarata ita ce ƙaramar tasha a gindin tsauni, irin yankin Jengre, inda fili ke ƙarewa hawa ke farawa: hagu ƙasar noma da ɗorawa, dama duwatsu. Tashar Zariya tana da daɗi saboda dogo biyu ne suka haɗu, za ka sa mai milimita 12 ya tsaya a matsayin babban layi, amma wannan aikin karo na biyu ne.

Teburin

Allo mai tsawon santimita 120 da faɗin 45 ya isa tasha. A kowane gefe ka ƙara wani ɗan allo na santimita 60 wanda ba a yi masa ado, mai layi biyu ko uku. Na hagu shi ne "Zariya", na dama "Jos". Nan jiragen ke ɓuya kafin su fito fili.

Ka ba kafinta filawud mai kaurin milimita 9, ya yi masa firam da busasshen katako, da sanda a tsakiya kowane santimita 40, a ɗaure da sukuru da gam. Ka dage a kan busasshe. Ɗanyen katako idan hunturu ya buga shi yakan murɗe, dogo ya tashi sama a tsakiya, jirgi ya riƙa faɗuwa a wuri ɗaya kana ta zargin injin. A shafe shi da fenti ko banish ciki da waje saboda laimar damina, a sa maganin gara, kuma kar ƙafafunsa su jingina da bangon ƙasa. Kafin a rufe, a huda ramuka a sandunan tsakiya don wayoyi su wuce. Bayan allon ka kafa siririn filawud mai tsayin santimita 30, ka shafa masa shuɗi mai haske da ya koɗe ya yi fari a ƙasa, irin sararin watan Janairu.

Shimfiɗa dogo

Wannan shi ne wurin da ba a gaggawa. Ado yana ɓoye kuskuren gini, amma ba abin da ke ɓoye karkataccen dogo.

Tsarin mai sauƙi ne: layi ɗaya ya shigo daga hagu, ya rabu biyu a tasha don jirage su yi kiciɓis su wuce juna, ya sake haɗewa ya fita dama. Daga layin gefe ka fitar da rassa biyu gajeru, ɗaya na rumfar kaya, ɗaya na tankin ruwa da tulin kwal. Mararraba huɗu ke nan za ka saya don tashar, wato yankin dogon da ke raba layi ɗaya ya zama biyu, da dogo mai lanƙwasuwa guda biyar ko shida, kowane yadi ɗaya. Ka zana tsarin da girmansa na gaskiya a takardar siminti, ka ɗora taragai a kai ka ga ko layin kiciɓis zai ɗauki kan jirgi da tarago biyar. Kwana kar ta matse fiye da da'irar da rabin faɗinta santimita 30 ne. Akwai ta santimita 23 a kasuwa, jirgi yana iya bi, amma yana zama kamar akuyar da aka ja da igiya. Hawa kuma kar ya wuce ɗaya cikin arba'in: a tsawon santimita 120 dogo ya tashi santimita 3 kacal. Cikin tashar kanta ya zama shimfiɗe sumul, in ba haka ba duk taragon da ka ajiye zai gangara abinsa. Dabarar da ta fi ita ce ka bar dogon a kwance, ka sa ƙasar da ke gefensa ta riƙa tashi, ido zai ɗauka jirgin ne ke hawa.

Mararraba ake fara kafawa, sannan a haɗa su da sauran. Ka shafa farin gam ɗin kafinta siriri, ka ɗora dogon, ka danne da gwangwanayen madara cike da yashi har ya kwana. Idan za ka yanke dogo, da ƙaramin zarto mai laushin haƙori ake yi, a goge bakin da fayil har yatsa ya wuce bai karce ba. A kowace mahaɗa ka bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya. Ƙarfen yana miƙewa da zafi: mita ɗaya, in zafi ya ƙaru da digiri 20, tana ƙara kusan sulusin milimita. Kaɗan ne a ido, amma wanda ya shimfiɗa dogonsa a matse cikin sanyin Disamba zai tarar da shi ya yi baka a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano. Bayan ka gama, sunkuya ka sa idonka daidai da dogon ka hango tsawonsa, sannan ka tura tarago ɗaya da yatsa ya bi ko'ina. Inda ya yi tsalle ko ya ƙara, gyara yanzu.

Wuta

Jirgin yana shan wuta ne daga ƙarafan dogon biyu, volt 12 irin ta batir, ɗaya jan waya ɗaya baƙa. Wannan ya yi mana daidai, domin batirin sola na gida ya wadatar, ba ruwanka da ɗauke wuta. Wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo za ka samu ɗan allon rage gudun motar lantarki, wato ɗan injin da ke juya ƙafafun jirgin, mai maɓallin murɗawa, da makunni mai ƙafa shida wanda ke juya wayoyin biyu don jirgi ya yi gaba ko baya. Abin da ba a sakaci da shi: batir ba shi da tausayi. Idan sukudireba ya faɗa kan dogo ya haɗa ƙarafan biyu, waya za ta yi ja kafin ka ankara. Ka sa fis na amfiya ɗaya a jikin jan wayar, ko ka ratsa ta cikin ƙwan sigina na mota mai wat 21. Da an samu haɗuwar waya ƙwan zai kama, ya riƙe wutar, ya kuma sanar da kai.

Ja wayoyi biyu masu ɗan kauri a ƙarƙashin allon daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Daga kowane yankin dogo ka liƙa siririyar waya da dalma a gefen waje na ƙarfen, ka zura ta rami ta sauka ta haɗu da su. Kar ka dogara da 'yan maƙallan da ke haɗa dogo da dogo, ƙura da tsatsa na shiga su su daina ba da wuta. In hannunka bai saba da dalma ba, kai wa mai gyaran waya ya nuna maka sau biyu. Sirrin shi ne a taɓa a ɗauke da sauri kafin robar ƙasa ta narke. Mararraba iri biyu ce: mai hancin roba da mai hancin ƙarfe, hancin kuwa shi ne ɗan tsinin da ke inda layukan biyu suka rabu. Kawunan jirgin wannan layi gajeru ne, ƙafafunsu kaɗan, sukan mutu a kan hancin roba. Sayi mai hancin ƙarfe, ka sa maƙallan roba a ƙarafa biyun da suka fito daga hancin.

Ƙasa, duwatsu da gidaje

A nan kuɗi ba sa aiki, ido ke aiki. Kumfar da ake kunshe firij da talabijin ita ce tsauni. Yanka ta da wuƙa, jera ta hawa-hawa, liƙa da farin gam. Gam mai warin fetur da fentin feshi suna narkar da ita nan take. Rufe da tsummoki da aka tsoma cikin ruwan filasta irin ta silin, in ta bushe ka shafa fentin ruwa launin ƙasa.

Duwatsun Filato ba masu kaifi ba ne, mulmulallu ne, an ɗora wani kan wani kamar da gangan. Tsakuwar rafi mai santsi ta fi kama da su, a shafa mata toka-toka, a bi da ruwan baƙi ya kwanta a tsaga. Ƙasa kuwa ta gaske za ka ɗebo, ja da fara, ka tankaɗe da rariya, ka soya a tsohon kasko don ƙwari da iri su mutu. Sannan ka ratsa maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikinta sau da yawa. Ni na tsallake wannan a karon farko. Na ɗebo yashi mai kyau daga wani rafi, na baza, na yi ta murna. Bayan mako biyu kan jirgina ya fara kuka yana tsayawa. Da na buɗe shi sai na tarar da baƙin garin ƙarfe ya taru a jikin maganaɗisun motar kamar gashin baki, ya shiga haƙoran giya ya cinye su. Na jira wata biyu kafin wani kan jirgin ya iso.

Tsakuwar ƙarƙashin dogo ita ma tankaɗaɗɗen yashi ne mai ɗan gari. Baza da cokali, share da burushi har kan katakan da ke riƙe da ƙarafan dogon ya fito, fesa ruwa kaɗan, sannan ka ɗiga haɗin rabi gam rabi ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke ta sirinji. Kar ko ɗigo ya taɓa harshen mararraba, wato ɗan ƙarfen da ke motsi ya sauya wa jirgi layi.

Bishiya da wayar tagulla ake yi: murɗa damin siraran waya ya zama gindi, ware rassan, shafa filasta. Kuka ta fi sauƙi, in ka zaɓi rani ma ba ta buƙatar ganye. Ɗorawa da kaɗanya sai a liƙa musu soson katifa da aka niƙa aka rina. Busasshiyar ciyawa daga zaren igiyar rama take fita, a yanka gajeru a dasa tsaye. Ɓangaren Zariya ka yi soro da zaure da zanko, da rumbu mai hular ciyawa. Ɓangaren tsauni kuma 'yan ɗakuna ne zagayayyu a cukushe cikin shingen ƙerana. Wannan sauyin gini daga hagu zuwa dama shi ke gaya wa mai kallo inda jirgin ya fito da inda ya nufa, ba sai ka yi magana ba. Rufin kwanon tasha kuwa, ɗora takardar alminiyom a kan haƙoran babban sukuru ka murza da farce, layukan za su fito.

Jirgin kansa

Ba kamfanin da ke sayar da jirgin wannan layi a shirye, don haka a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Hanya ta farko: sayi ƙaramin kan jirgin kwal na HOe ko OO9 mai siffar na Ingila, mai ƙafa shida masu ja, ka sauya masa fenti da rumfar direba ya yi kama da hotunan da ka ɗauko. Wannan ba ƙetare gona ba ne, domin kawunan farko na layin daga ɗan dogon Wushishi da ke kusa da Zungeru aka kwaso su, ƙirar kamfanin Hunslet na Leeds. Hanya ta biyu ta fi arha: sayi gindin jirgi mai mota na kamfanin Kato, ka gina jikin da kwali mai tauri ko robar allo. Taragai ma haka, ƙafafu da maƙallan haɗa tarago da tarago kawai za ka saya, jikin kuwa akwati ne na kwali da aka tsaga masa layin katako da bakin allura. Sa ɗan goron ƙarfe a cikin kowane don nauyi, kuma dukkan maƙallai su zama tsayi ɗaya. Taragon kuza kar ka cika shi: kuza tana da nauyi ƙwarai, 'yan ƙananan buhuna ne a shimfiɗe a ƙasan tarago. A ƙarshe ka bi komai da garin alli ja da baƙi. Jirgin da ke ratsa jar ƙasa ba ya sheƙi.

Tuƙi

Yawancin masu farawa suna murɗa maɓalli ne jirgi ya fyalla kamar ɓera. Yi lissafi: kilomita 25 a awa, in an raba sau 87, santimita 8 ce a daƙiƙa. Ke nan jirgi ya ɗauki daƙiƙa 15 kafin ya ratsa allonka. Auna da agogon waya, ka sa alama a jikin maɓallin.

Sannan ka ba jirgin dalilin tafiya. Kowane tarago ka yi masa kati mai lambarsa. Ka yi wasu katunan na kaya: kwal zuwa Jos, kananzir da gishiri zuwa tasharka, kuza zuwa Zariya, hatsi zuwa sansanin ma'aikatan haƙa, fanko ya koma. Karkaɗa su, ja biyar, ka haɗa jirgi da su. Yana isowa tasha sai ya sha ruwa, a cire na nan a tura su rumfar kaya, a ɗauki masu tafiya, taragon gadi ya koma can baya. Ba a ɗaga tarago da hannu, da tsinke ake kwance maƙalli. Za ka sha mamakin yadda ajiye tarago biyu zai ci maka minti ashirin idan wanda kake nema yana bayan wasu uku.

In kun kai biyu ko uku abin ya fi armashi. Ɗaya direba, ɗaya mai kula da tasha yana juya mararraba. Tunda layi ɗaya ne, ku yi amfani da dokar sanda irin ta layukan da ba su da tagwaye: fensir ɗaya na "Zariya", ɗaya na "Jos", direban da bai riƙe fensirin yanki ba ba ya shiga yankin ko da ya ga hanya fayau. Yara sun fi manya kiyaye wannan doka, na lura, kuma su ne ke fara kama ka in ka karya ta.

Abokin gabarka na kullum ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kwana ɗaya ya isa ta kwanta a dogo ta yanke wuta. Ɗinka wa teburin murfi na leda ko yadi mai firam don kar ya taɓa bishiyoyi. Kafin kowane tuƙi ka goge saman ƙarafan da tsumma mai ɗigon sifirit na kemis, ƙafafun kan jirgi kuma da auduga a tsinke. Kar ka taɓa sa samfefa, tana karce ƙarfen datti ya samu wurin zama. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya ishi giya na wata da watanni, kuma ka nemi siririn da aka yi don injin da ke da roba.